Ƙwallona Na Lanƙwasa Kamar Lauje, Yaya Kuma Ya Ƙi Yin Shiru

Assalamu alaikum. Shekaruna 44, kuma shekara biyu ke nan da yayana ya ja ni wasan golf. Shi ya ba ni tsofaffin sandunansa, shi ya nuna mini yadda ake tsayuwa. Da farko abin yana tafiya daidai gwargwado, amma yau wata shida ke nan duk bugun da na yi da babbar sanda, wato direba, sai ƙwallon ta tashi kamar za ta miƙe, can sai ta lanƙwasa dama kamar lauje ta faɗa cikin bishiyoyi. Da hannun dama nake bugu. Na kalli bidiyo a YouTube ba adadi, kowa da abin da yake faɗa. Yaya kuma ya hana ni sakat: kafin in buga ya ce in saukar da kai, bayan na buga ya ce na ɗaga kai, kuma a gaban abokansa. Makon jiya na ɓatar da ƙwallo bakwai a rami tara, na koma mota na zauna kamar in yi kuka, ga bayana yana ciwo. Ba zan iya ce masa ya yi shiru ba, yayana ne, kuma na san don alheri yake yi. In sayi sabuwar direba ne, ko in daina wasa da shi, ko in haƙura da wasan gaba ɗaya?

Daga wani ƙane da ya gaji.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman nan da ka yi a mota. Duk wanda ya daɗe yana riƙe sandar golf ya san irin zaman: ka cire safar hannu ka jefa a kujerar gefe, ka tayar da mota ka kasa tafiya, kana tambayar kanka me ya kai magidanci kamarka bin 'yar ƙwallo cikin ciyayi. Ina jin asarar ƙwallo bakwai ba ta yi maka zafi kamar idon abokan Yaya da muryarsa a bayanka ba. Za mu zo kan Yaya. Amma bari in fara da ƙwallon, domin ita ba ta jin nauyin kowa, abin da aka yi mata shi take faɗa.

Abu biyu ne ke yanke inda ƙwallo za ta nufa: inda fuskar sanda take kallo a daidai lokacin da ta taɓa ƙwallon, da kuma hanyar da kan sandar ya biyo. Fuskar ita ce mai babban kaso wajen inda ƙwallon za ta fara dosa. Lanƙwasar kuwa tana zuwa ne daga saɓanin da ke tsakanin fuska da hanya. Ga mai bugu da hannun dama irinka, idan fuskar tana kallon dama fiye da inda sandar ta nufa, sai ta shafi ƙwallon ta gefe, ƙwallon ta tashi tana juyi a karkace, iska ta ja ta dama. Wannan shi ne laujen naka, kuma shi ne ciwon da ya fi damun masu wasan sha'awa a duk duniya, don haka kana da 'yan'uwa da yawa. Abin takaicin shi ne maganin da hankali ke fara ba mutum ƙara cutar yake yi. Da ka ga ƙwallo tana tafiya dama sai ka karkata jikinka hagu don ka ba ta fili, sai sandar ta ƙara yanko ƙwallon daga waje zuwa ciki, laujen ya ƙara lanƙwasa. Ina kyautata zaton haka wata shidan nan suka tafi maka, kullum kana ƙara juyawa hagu ba ka sani ba.

Dalilin da ya sa direba ta fi tona asiri kuwa, ita ce mafi tsawo a jaka, wajen inci 45, kuma fuskarta a miƙe take, kwanciyarta ba ta wuce digiri 9 zuwa 12 ba. Sandar ƙarfe mai lamba 7 ta fi ta gajarta sosai, fuskarta kuma ta kwanta wajen digiri 30 ko fiye, shi ya sa take rufa wa kuskure asiri. Kuskuren nan yana nan a sauran sandunanka, direba ce kawai ba ta da kara.

Ka lura, a duk bayanin nan ban ambaci kai ba. Maganar "saukar da kai" ita ce shawarar da ta fi yawo a filayen golf, kowa ya gaje ta daga wanda ya koya masa, Yaya ma haka ya same ta. Sai dai ba ta da alaƙa da lanƙwasar ƙwallo. Mutumin da ya ƙanƙame haɓarsa a ƙirji, kafaɗunsa ba sa samun hanyar juyawa, ƙugunsa ya tsaya cak, sai hannuwa su yi aikin su kaɗai, ƙarshe a tashi da ciwon baya. Annika Sorenstam, shahararriyar 'yar wasan golf daga Sweden, wadda ta kammala zagaye guda na rami 18 da bugu 59 kacal a 2001 (a golf, mai ƙarancin bugu ne gwani), an san ta da juya kanta wajen da ƙwallon za ta tafi tun kafin sandar ta gama taɓa ta. Da ta yi wasa da Yaya, da ita ma ta sha faɗa.

Sai bidiyoyin. Ba na cewa masu yin su ba su san aikinsu ba, da yawansu ƙwararru ne. Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa ganin bugunka a cikinsu. Ka ɗauki Ben Hogan, ɗan Amurkan da ya ci manyan gasanni tara, wanda har yau ake koyi da littafin koyarwarsa na 1957. Shi ciwon da ya yi shekaru yana fama da shi ƙwallon da ke lanƙwasa hagu ce, don haka ya gyara riƙonsa yadda fuskar sanda ba za ta rufe da wuri ba. Idan kai mai laujen dama ka kwaikwayi wannan riƙon, ka sha maganin cutar wani ke nan, cutar da take kishiyar taka. Haka bidiyon Litinin zai ce ka riƙe wuyan hannu, na Laraba ya ce ka sake shi, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa, amma ga mutum daban. Kai kuma ka tattaro su duka, ka haɗa da na Yaya, ka tsaya a kan ƙwallo da umarni shida a kai, alhali bugun gaba ɗaya, daga ɗaga sanda zuwa taɓa ƙwallo, bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida. Ka rufe bidiyoyin nan na tsawon wata biyu. Wannan ita ce shawarata ta farko, kuma ba wasa nake yi ba.

Abu ɗaya da nake so ka taɓa yanzu shi ne riƙo, saboda hannuwanka ne kaɗai ke haɗe da sandar, su ke juya fuskarta. Ɗauko safar hannunka ka duba. Idan ta cinye ko ta huje a tudun tafin hannu, can ƙasan ƙaramin yatsa, alama ce kana riƙe sandar a tsakiyar tafi, kuma mai irin wannan riƙon da wuya fuskar sandarsa ta rufe a kan lokaci. Ni kaina sai da na huda safa uku a wuri ɗaya kafin wani dattijo da muka haɗu a filin atisaye ya kama hannuna ya juya, bai ce komai ba, ya nuna mini hujin da ɗan yatsa. Ka kwantar da sandar a gindin yatsun hannun hagu, ka rufe, sannan ka ɗan murɗa hannun zuwa dama har sai ka ga ƙullin yatsu biyu ko uku idan ka kalli ƙasa. Tsagin da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya nuna kafaɗarka ta dama, na hannun dama ma haka. Kada ka matse kamar mai tsoron a ƙwace maka. Idan jijiyoyin damtsenka sun fito tun kafin ka ɗaga sanda, riƙon ya yi tsanani.

Zan gaya maka gaskiya, sabon riƙon zai yi maka banbaraƙwai. Za ka ji kamar hannun wani aka ɗaura maka, kuma bugu ashirin na farko za su iya fin na da muni. A nan ne yawancin mutane ke komawa gidan jiya. Ka ajiye sanda ɗaya a ɗaki, kullum ka riƙe ka saki sau ashirin ko talatin ba tare da ƙwallo ba, har hannun ya daina gardama.

A filin atisaye kuma, ka bar direba a jaka tukuna. Ɗauki lamba 7, ka ɗora ƙwallo a kan ɗan gajeren turke, ka kwantar da wata sanda a ƙasa daidai da yatsun ƙafarka tana nuna inda kake nufi, don ka ga ko da gaske ka saba karkata hagu. Ka yi rabin bugu, hannuwa su tsaya daidai ƙirji a baya, su tsaya daidai ƙirji a gaba. Abin da muke nema zai ba ka mamaki: so nake ƙwallon ta fara lanƙwasa hagu. Ranar da ka ga haka, ka yi murna, fuskar ta koyi rufewa. Daga nan ne za a gyara hanyar sandar, ka ajiye rigar kan direba a ƙasa, ɗan nesa kaɗan da ƙwallon ta waje kuma ɗan baya, yadda idan ka yanko daga waje za ka doke ta. Jiki ba ya son dukan abu a banza, da kansa zai nemo hanyar ciki. Idan ka fara da gyaran hanya kafin fuska, ƙwallon za ta miƙe dama tun daga tashi, ta ƙara lanƙwasawa dama, ka ce na yaudare ka.

Akwai wata 'yar dabara da nake ƙauna. Ka shafa farar hoda ko alli kaɗan a fuskar sandar kafin ka buga, ƙwallon za ta bar tambarinta. Mutane da yawa suna rantsuwa a tsakiya suke bugu, sai hoda ta nuna musu tabo can kusa da wuyan sanda. A direba, bugun da ya sauka ta wajen wuyan nan shi kansa yana ƙara tura ƙwallo dama, kuma wani lokaci gyaransa bai wuce mutum ya daidaita nisansa da ƙwallon ba. Kuma ka rage yawa. Ƙwallo arba'in da ka buga kana ja da baya, kana duba inda kake nufi, kana sake riƙo kowane karo, sun fi ɗari da ka zazzage cikin fushi. Kowane bugu ka ƙarasa shi, nauyinka a ƙafar hagu, cibiyarka tana kallon inda ƙwallon ta tafi, ka tsaya a haka ka ƙirga uku. Idan ba ka iya tsayuwar, ƙarfin da ka sa ya fi abin da ƙafafunka za su ɗauka.

Wata nawa zai ɗauka? Ba zan yanka maka rana ba, amma ga ma'auni. Tiger Woods ya ci gasar Masters a 1997 da ratar bugu 12, yana ɗan shekara 21, duk da haka ya koma wurin kocinsa Butch Harmon suka warware salon bugunsa suka sake ɗinkawa. A 1998 gasa ɗaya tak ya ci a jerin gasannin PGA na Amurka. A 1999 ya ci takwas, a 2000 ya ci tara. Nick Faldo na Ingila ya yi kusan shekara biyu yana sake gina salon bugunsa da kocinsa David Leadbetter, ana ta cewa ya kashe wasansa, kafin ya ci babbar gasar Open a filin Muirfield na Scotland a 1987. Waɗannan mutane ne da ba su da wata sana'a sai wannan, daga safe har yamma. Kai da kake zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, kada ka yanke wa kanka hukunci da wasan Asabar ɗaya. Kuma ba kyan gani muke nema ba. Jim Furyk na Amurka, wanda mahaifinsa ne kaɗai kocinsa, salonsa kamar mai kore ƙudan zuma, shi ya kammala zagaye guda da bugu 58 kacal a 2016.

Duk abin da na faɗa, daga wasiƙa na faɗe shi, ban ga bugunka ba, don haka ni ma ina cikin layin masu ba ka magani daga nesa. Idan da hali, ka nemi ƙwararren koci ka yi darasi uku ko huɗu, tsakaninsu mako biyu-biyu. Ka gaya masa tun farko abu ɗaya kake so a kowane darasi, kuma ka roƙe shi ya rubuta maka shi a jimla guda. Idan abin da ya gani ya saɓa da nawa, bi nasa, shi ne mai ido a kanka.

To, Yaya. Ka tsaya a inda yake tsaye na ɗan lokaci. Shi ya kawo ka, sandunansa ne a hannunka, abokansa ne ke kallo. Duk ƙwallon da ta shiga bishiya, shi ma yana jin kamar shi ya buga ta, kuma abin da ke hannunsa na taimako bai wuce jimlar nan ɗaya da aka koya masa ba, shi ya sa yake ta maimaita ta. Mutumin da bai damu da kai ba, da tuni ya wuce gaba yana duba wayarsa. Wannan bai sa abin da yake yi ya zama daidai ba. Gyara a gaban mutane, a kan kowane bugu, yana kashe gwiwa ko da daga bakin masoyi ya fito, kuma kana da hakkin ka ji zafinsa. Amma na tabbata bai san ka zauna a mota ba. Ka ce ba za ka iya ce masa ya yi shiru ba, kuma na yarda da kai, kada ma ka ce. Mutum irin Yaya ba a karɓe masa aiki, canza masa ake yi.

Ka same shi ku biyu, ba a fili ba, ba kuma ranar da ka yi mummunan wasa ba. Ka fara da abin da yake gaskiya, cewa ba don shi ba da ba ka san wasan nan ba. Sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, na fara gyaran riƙona, an ce in riƙe abu ɗaya a kai har wata biyu. Idan na ji magana ina kan ƙwallo sai in rikice. Ina so ka taimake ni da abu biyu: ka riƙa duba mini inda ƙwallona ta faɗa, kuma ran da muka je atisaye ka ɗauke ni bidiyo." Ɗaukar bidiyon aiki ne na gaske. Ya tsaya a bayanka, wayar daidai tsayin hannuwanka, tana kallon inda kake nufi, sannan ya dawo ta gabanka ya sake ɗauka, da saurin da aka rage. Idan kuka zauna kuna kallo tare, shi da kansa zai ga kanka yana nan a ƙasa lokacin da sandar ta taɓa ƙwallo, ba sai ka yi masa musu ba. Ka ba shi lokacin gyara, a filin atisaye ko bayan an tashi, ka ce a nan kunnenka nasa ne. A tsakiyar wasa kuwa, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuna raha da juna, kana iya tsokanarsa da cewa a dokar golf, ranar gasar da ake ƙirga jimillar bugu, wanda ya ba abokin karawarsa shawarar bugu shi ake ci tarar bugu biyu.

Zai manta, ka sa wannan a ranka. Bakin da ya saba shekara biyu ba zai rufe a mako ɗaya ba. Idan ya sake, ka ce "to Yaya, a ajiye mini sai mun tashi," ka yi murmushi ka ci gaba. In kuma an yi wata guda abin bai ragu ba, ba sai ka yanke wasa da shi ba. Ka rage, ka riƙa fita kai kaɗai ko da sa'o'inka ka yi rami tara lokacin da fili ba cunkoso, ka bar wasa da Yaya sau ɗaya ko biyu a wata har hannunka ya zauna. Su kuma abokansa, kada su tsaya maka a rai. Kowannensu lissafin nasa bugun yake yi, kuma abin da ke ɓata wa 'yan golf rai shi ne mai ɓata lokaci, ba mai ɓatar da ƙwallo ba. Ka sa ƙwallo ta biyu a aljihu, kada neman wadda ta ɓata ya wuce minti uku da doka ta ba ka, in rami ya ƙi ka ɗauki ƙwallonka ku wuce. Mai yin haka kowa yana son wasa da shi ko nawa ya buga.

Sabuwar direba kuwa, ka dakata. Akwai waɗanda aka ƙera don rage lauje, kuma tsohuwar sandar Yaya tana iya yi maka tauri ko tsawo tunda ba don jikinka aka zaɓe ta ba, wannan koci zai gane cikin minti kaɗan. Amma idan ka saya yanzu, riƙon da ya buɗe fuskar tsohuwa shi zai buɗe fuskar sabuwa. Dokar wasa ta ba ka damar ɗaukar sanda har 14, ba ta ce dole ka fara rami da direba ba. Wasanni huɗu masu zuwa ka fara da sandar da ka fi amincewa da ita, ko da lamba 5 ce, kuma ka buga daga matsayar gaba idan filin yana da ita. Za ka rasa nisa, amma za ka riƙa buga ta biyu daga kan gajeriyar ciyawa, wanda rabonka da shi an kwana biyu.

Bayan naka ma kada ka raina shi. Ka yi minti goma kana motsa jiki kafin bugun farko, ka fara da ƙananan sanduna, kada ka fito daga mota ka zari direba. Sau da yawa ciwon yana raguwa idan mutum ya daina ƙanƙame kai ya bar ƙugu ya juya. Amma idan ya wuce mako biyu, ko yana sauka ƙafa, ko kana jin ƙafar tana mutuwa, ajiye sanda ka ga likita kafin komai.

Maganar haƙura da wasan, ban ga alamarta a wasiƙarka ba. Wanda ya gaji da golf da gaske ba ya ƙirga ƙwallayen da ya ɓatar, balle ya zauna ya rubuto. Ka ba ni mako takwas: babu bidiyon YouTube, sabon riƙo, lamba 7, da zama ɗaya da Yaya. Sannan ka sake rubuto mini ka faɗa mini inda hoda ta nuna tabon ƙwallon a fuskar sandarka, da abin da Yaya ya ce da ya ga kanka a bidiyo. Ka gaishe mini da shi.